Ajin hutun nan na ruwa da ƙasa da na saka yarana a Gombe, ga abun da na gani

Salam jama'a. Tunda na saka hoton yarona a status yana riƙe da yankakkiyar gora cike da yashi mutane suka dame ni da tambaya, wai wace makaranta ce, nawa ake biya, kuma ya ci kuɗinsa ko dai irin lesin ɗin nan ne na hutu da ake tara yara a raba musu biskit a sallame su. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ba wanda ya biya ni, su masu abun ma basu san zan rubuta ba.

Da farko dai ba makaranta bace. Wasu matasa ne su uku, maza biyu mace ɗaya, mazan sun karanci jiyoloji wato ilimin duwatsu da abun da ke ƙarƙashin ƙasa, ita kuma malamar harkar gandun daji ta karanta. Suka ari aji biyu a wata firamare ta kuɗi can wajen Tumfure lokacin dogon hutu suna koya wa yara yanda ruwa da ƙasa suke da yanda ake kiyaye su, sati huɗu, Alhamis da Juma'a da safe, kuma na yaba da wannan dabarar sbd ranakun ne ba Islamiyya, ba wanda zai ce an hana ɗansa karatun addini. Dubu biyar ne kowane yaro, ni da na kai biyu suka bar min a dubu takwas. Gsky ba don kishin muhalli na kai su ba, kar in yi ƙarya, uwarsu ce ta ce in nema musu abun yi kafin su ƙarasa mata waya da gem, babban shekararsa 11 ƙanwar 9.

Ranar farko suka dawo kowa da gora. An yanke gorar ruwa babba, an zuba tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, sai ɗan siririn yumɓu a gefe ɗaya, sai ƙasar gona a sama, an soka tsinken shan lemo har ƙasa an ɗaura masa tsumma a baki, wai wannan shine bohol. Suka zaunar da ni a tabarma kaman ɗalibi. Yarinyar ta yayyafa ruwa da kofi ta ce wannan damina ce, muna kallo ruwan na sauka a hankali yana cika tsakanin tsakuwar har ya yi layi a jikin gorar, ta nuna layin ta ce Abba daga nan zuwa ƙasa duk ruwa ne, in rijiyarka bata kai nan ba ba zaka samu komai ba, in rani ya yi layin ya sauka shine rijiya ke ƙafewa. Wlh ni da gemuna duk rayuwata na ɗauka wani kogi ne ke gudu a ƙarƙashin ƙasa, tunda haka muke ji wajen masu haƙar rijiya, an samu jijiya, an taɓo ido. Ashe mafi yawa ruwan a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagar dutse yake zaune kaman yanda soso ke riƙe ruwa, kuma ruwan saman da muke gani ne dai yake nutsewa ya taru, wani na bana wani na shekaru masu yawa.

Sai babban ya ce tsaya baka ga komai ba. Ya tona ɗan rami da yatsa a saman ƙasar can gefe, ya ce wannan masai ne, ya ɗebo zoɓon uwarsa ya zuba cokali biyu a ciki, ya ƙara yayyafi, sannan ya saka sirinji a bakin tsinken ya ja. Ja na farko fari tas. Na uku na huɗu sai ga ruwa ya fara yin ja-ja. Abun da ya fi tsaya min a rai ba shigar zoɓon bane, fitarsa ce, don sun yi ta zuba ruwa mai kyau suna zuƙewa kofi bayan kofi har uwar ta fara faɗan ana mata ɓarnar ruwa amma kalar bata gama fita ba. Wannan darasin kaɗai a wajena ya biya dubu takwas ɗin, ba majigi ba kwamfuta, gora da yashi da zoɓo.

To daga nan ne kuma rigima ta shigo gidana. An faɗa musu a aji cewa ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe. Washegari da sassafe na fito alwala na tarar da yaro yana taku daga bakin rijiyarmu zuwa sokawe yana ƙirgawa da ƙarfi. Taku goma sha ɗaya. Ya koma ta bayan katanga inda masan maƙwabcinmu yake, wannan ma bai kai haka ba. Shikenan ya ce shi ya bar shan ruwan gidan nan, ƙanwar ma ta bi sahu, aka koma sai fiyo wata. Dada, mahaifiyata kenan, tana zaune tana jan carbi ta ce kai maigida rabu da shirmen boko, shekara saba'in ina shan rijiya ga ni nan daram, kai da aka haifa jiya ne zaka koya min ruwa. Ya ce mata ai Dada rijiyarku ta ƙauye ba sokawe goma a kewaye da ita. Ta jefe shi da mafici. Dariya na yi a lokacin amma maganarsa gaskiya ce.

Kuma a nan ne ƙorafina na farko yake, shine ma babba. Ku lissafa da kanku, filin da yawancinmu ke ginawa 50 ne da 100 a ƙafa, ƙafa 100 kuwa ita ce mita 30 da ɗan ɗoriya. Kenan ko ka saka rijiya a ƙofar gida sokawe a ƙarshen katangar baya da ƙyar ka cika ƙa'idar, kuma wannan naka ne kawai, na maƙwabcin dama da na hagu da na baya fa? Balle mu masu rabin fuloti. Sai ka faɗa wa yaro ɗan shekara 11 lamba ɗaya tak, ka sake shi ya koma gidan da ba yanda za a yi a cika ta, baka faɗa masa to me za a yi ba. Tsoro ka bashi kenan ba mafita, kuma shi yaro ba shi ke da gida ba, ba shi ke biyan birkila ba.

Alhamis ta gaba na bi su da kaina na samu babban malamin nasu. In faɗi gaskiya yaron kirki ne, bai yi girman kai ba, ya ce Baba kana da gaskiya mun yi gaggawa a wajen. Ya zaunar da ni ya min bayanin da ya kamata ace tun farko an aiko mana a takarda. Ya ce mita 30 ɗin ma'auni ne na gaba ɗaya, abun ya danganta da irin ƙasar wajen, yashi na barin ƙazanta ta wuce da sauri yumɓu na tare ta, ya danganta da zurfin ruwan, ana so gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke tsayawa, kuma ya danganta da gangara, masai ya kasance ta ƙasa rijiya ta sama. Sannan ya ce sau da yawa ma ƙazantar ta baki take shiga ba ta ƙarƙashi ba, rijiya ba murfi, bakinta daidai da ƙasa ruwan tsakar gida na gangarawa ciki da damina, guga a yashe a ƙasa kaji na bi ta kai, kowa ya zo da nasa gugan. Ya ce a ɗaga bakin rijiya, a zagaye ta da daɓen siminti mai gangara waje, a yi murfi, guga ɗaya a rataye, ruwan sha kuma a tafasa ko a saka maganin kulorin daidai ƙa'ida, in da hali a kai ruwan a gwada a lab musamman tsakiyar damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Ya ƙara da wata da ta ba uwar yara haushi da na faɗa mata, wai alif da take sakawa datti kawai yake kwantarwa, ruwa ya yi garau a ido amma ba shine ya kashe ƙwayoyin cuta ba. Duk wannan ni kaɗai na ji sbd na je na tambaya. Sauran iyayen fa, Allah kaɗai ya san rigimar da aka yi a gidajensu.

Tunda na riga na zo sai na zauna bayan aji na saurara, kuma daga ranar kusan kullum sai na leƙa in na samu wanda zai tsare min shago. Ɗaya malamin ya zana Gombe a allo a kwance kaman an yanka burodi ana kallon cikinsa. Ya nuna musu cewa ba ƙasa iri ɗaya muke takawa ba, ta yamma wajen Akko, Kwami har Dukku wani kauri ne na yashi da masana ke kira Kerri-Kerri, ruwa in ya sauka sai ya yi ta nutsewa can ƙasa, shi yasa a wasu wuraren sai an wuce mita 100 ba a taɓa ruwa ba. Nan take na tuna surukaina a Dukku da yanda suke fama da rani, ni da na ɗauka rashin sa'ar masu haƙa ne ko rowar injin. Ya kuma yi maganar da ta taɓa ni kai tsaye, ya ce kowa na son bohol a gidansa amma kowa na shafe tsakar gidansa da siminti da intalok, to ta ina ruwan zai shiga ya mayar da wanda ake zuƙa? Ruwan da ya kamata ya nutse sai ya fita ta kwata ya haɗu da na maƙwabta ya zama ambaliya a layi. Ni kuma a lokacin har na yi ciniki da mai intalok zai shafe min gidan gaba ɗaya. Na dai ce masa ya bar min wajen bishiyar mangwaro da gefen katanga a ƙasa, ya kalle ni kaman na samu matsala.

Sati na uku na malamar ne, kuma ita ce gwanar cikinsu, ta iya yara, in ta ga ido ya fara lumshewa sai ta juya Hausa zalla har da ɗan Fulatanci ga waɗanda suka fi ji. Ta kwantar da gora uku da aka fafe gefensu, ɗaya ƙasa tsirara, ɗaya an rufe ta da busasshen ganye da kara, ɗaya da ciyawa da ta shuka tun kafin a fara ajin, ta jingina su a gangare ta rataya kofi a bakin kowace, ta ba yara buta suka zuba ruwa daidai wa daida. Kofin farko ya cika da jan ruwa kaman kunun kanwa, na biyu dama-dama, na ukun kusan ka sha. Ta ɗaga kofin farko ta ce wannan jan da kuke gani shine abincin gero da wake, shine saman ƙasa, kuma kafin a samu kaurin yatsa ɗaya nasa ana ɗaukar ɗaruruwan shekaru, ruwan dare ɗaya kuma ya kwashe. Ajin ya yi tsit.

Washegari aka kai su bakin kwari. Duk ɗan Gombe ya san ba sai an yi tafiya ba, garin a gangare yake daga tudun yamma zuwa gabas, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zubewa, in aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta ruwan da gudu yake ratsa unguwanni, mutanen London Mai Ɗorawa da Malam Inna da Arawa ba sai an basu labari ba. Inda aka kai su na san wajen tun ina yaro, har ƙwallo mun buga a filin da yanzu rami ne da zai haɗiye gidan sama. Akwai wani gida a bakin da rabin ɗakinsa ya tafi, ana ganin fentin bangon ciki daga waje, shuɗi. Malamar ta nuna musu yanda kwari ke ci ta kai, ruwa ya faɗo ya ƙwaƙule gindi sai saman ya rufto, a haka yake tafiya da baya yana nufar gidaje. Ta nuna sharar da mutane ke jibgawa ciki wai don ta tare, ta ce ba ta tarewa, leda ce kawai ke tafiya ta toshe kwalbati a gaba ruwa ya nemi sabuwar hanya, ga ruwan bolar kuma yana nutsewa ƙasa. Ta nuna sawun tifa inda ake kwasar yashi. Sannan ta kai su wani gefe da wani dattijo ya dasa jema a layi, ta sa babban yarona ya gwada tuge guda, ya yi ta nishi ya kasa, ta ce saiwarta miƙewa take ƙasa sosai tana ɗaure yashin. Ta ambaci aikin gyaran kwari da ake yi ƙarƙashin shirin ACReSAL na Bankin Duniya da kuma dashen bishiyoyi na 3G, wato Gombe Goes Green, da gwamnatin jiha ta fara a 2019, amma bata mai da abun siyasa ba, na ji daɗin haka.

Sai dai fa a nan ma raina ya ɓaci. Yara sun kai talatin, manya uku, da ni na huɗu da na zo da kaina, an yi ruwa daren jiya, bakin kwari a jiƙe, kuma ita da bakinta ta gama cewa ta ƙasa yake rufta. Ba igiya ba layin da aka ja aka ce kar a wuce. Wani ɗan ƙarami sai da na fizgo rigarsa yana leƙe. Ba abun da ya faru alhamdulillah amma wannan ganganci ne, na faɗa musu a wajen kuma ina sake faɗa, in za a sake a nemi iyaye biyar shida su raka, ko a raba yaran gida biyu.

Wasu ƙananan abubuwa kuma. Takardun da suke rabawa duk Turanci ne mai nauyi, da gani daga littafin jami'a aka kwafo, 'yata sai hotunan take kallo, yaran da suka zo daga makarantun gwamnati kuwa ninkewa suke su yi jirgi. Abun da aka yi bayaninsa da Hausa tsaf a aji me zai hana a rubuta shi da Hausa ya isa hannun uwa da kaka? Ba sa fara aji kan lokaci, tara suka ce amma sai tara da rabi. An yi alkawarin kai su dam ɗin Dadin Kowa su ga kogin Gongola da inda ake tace ruwan famfon da ake turo wa garin, tafiyar da bata wuce kilomita 40 ba, ranar ta zo aka ce kuɗin mota bai isa ba, yara sun yi wanka sun yi kwalliya suka dawo da kumburarren baki. Sun dai mayar da dubu ɗaya ɗaya ba tare da an tambaya ba, wannan na basu. Abun dariya kuma, ajin koyar da tsaftar ruwa da ƙasa amma ba randa ba kula, kowa fiyo wata yake saya a bakin get, satin farko filin makarantar fari fat da leda. Yaran ne da kansu suka ga abun kunyar suka kawo buhu suna tarawa.

Akwai ranar da suka ware manyan yaran aka yi musu maganar guba, baƙin man janareta da na gareji da ake zubarwa a ƙasa, tsohon batir, ragowar maganin feshi da ake wanke galan ɗinsa a bakin rijiya, takin zamani in ya yi yawa. Malamin ya basu labarin gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ƙurar ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara sama da 400 suka rasu, har sai da aka bi gida gida ana kankare saman ƙasa ana kwashewa. Na so a ce an ɗan sassauta don yarona kwana biyu yana tambayata ko ƙasar gidanmu na da dalma, amma tun ranar ya hana ni juye baƙin mai a bayan shago, yanzu a galan nake tarawa masu sayen tsohon mai su karɓa.

Ranar rufewa aka ba kowane yaro dashe ɗaya a leda. Darbejiya ce kusan duka, na ce wa malamar ina ma laifin gawo ko ɗorawa ko tsamiya, gawon nan da manomi ke so a gona sbd da damina yake zubar da ganye baya tare wa shuka rana, ta ce abun da suka samu kyauta kenan. Na babban ya kama. Na yarinyar akuyar maƙwabta ta cinye a kwana na uku, aka sha kuka, sai da na sayo wani muka kewaye shi da tsohon kwando da ƙaya.

In za a tambaye ni maki, bakwai cikin goma. Koyarwar hannu da hannu ɗin tara ce ma, tsari da tsaro ne suka ja su ƙasa. Yaro daga aji huɗu zuwa ƙaramar sakandare zai ƙaru sosai, ƙasa da haka ɓata kuɗi ne, wasa da yashi kawai zai yi. Sun ce suna so su sake a hutun Disamba in sun samu aji, na ce musu sharaɗina ɗaya, a ware rana guda ta iyaye, a kira har da masu haƙar rijiya da birkiloli na unguwa a nuna musu gorar zoɓon nan, sun ce za su duba. In zaka kai naka ka haɗa shi da gorar ruwansa da hula da takalmi mai rufi, kuma ranar zuwa kwari ka bi su.

Mu dai Asabar ɗin nan birkila zai zo ya ɗaga bakin rijiya ya yi daɓe, buhu biyu na siminti ya ce, maƙeri kuma na haɗa murfi. Yaron ya ce shi zai tsaya a kan aikin don kar a yi gangarar ta juyo ciki. Sun koma shan ruwan gida amma tafasasshe, Dada kuma ta ce ita kar wanda ya kuskura ya dafa mata ruwa kaman mai jego, a randarta take sha. Maganar masan maƙwabci ce har yanzu ban san ta inda zan ɓullo wa Alhaji ba, mutumin ya girme ni kuma shi ya riga ni gini a layin.